Inda Gwaggo Ta Sauki Ƙanenta

Yayana ne ya ɗora mini aikin, daga Abuja, ta waya, da muryar nan tasa ta wanda ya saba a ce masa to. Za su zo umra, shi da matarsa da 'yan matansu biyu da Baba. In sun gama da Makka da Madina suna so su huta a Jidda kafin su hau jirgi. In nemo musu wuri a bakin teku, mai kyau na gaske, ba na lallaɓawa ba. Ya kasance akwai rairayi inda yara za su taka ruwa, akwai manyan kantuna kusa saboda Anti, wato matarsa, tana da tsarabar rabin unguwa a wuyanta, kuma akwai gidajen cin abinci da mutum zai je ba sai ya yini a mota ba.

"Ke ce 'yar gari," in ji shi. "Kada ki duba tsada, ki duba Baba."

Wai ni ce 'yar gari. Aikin jinya ya kawo ni Jidda, ina zaune a unguwar Waziriyya a wani ɗan gidan haya da muke rabawa da abokiyar aikina, kuma abin da na sani na garin bai wuce hanyar asibiti da ta kasuwar kayan miya ba. Teku kuwa ta gilashin mota muke gaisawa. Amma na karɓa da murna, don ina son Baba ya ɗanɗana abin da ake kira hutu ko sau ɗaya. Tsohon malamin makaranta ne, gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ya zauna haka kawai don zama ba.

'Yar gari ta gaskiya tana unguwar Sa'alaba. Gwaggo ke nan, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo aikin hajji da mijinta tun ba a haife ni ba, suka zauna. Shi ya kama ɗinki har Allah ya karɓi ransa, ita ta haifi 'ya'yanta a nan, ta ga jikoki. Baba ne na ƙarshe a ɗakinsu, ita ta yi goyonsa, shi ya sa har yau da furfurarsa da sandarsa Auta take ce masa. Tun rabuwarsu sau ɗaya suka haɗu, shekarar da ya zo hajji, a ƙofar masaukin alhazai a Makka, a tsaye, motoci suna ta yi musu oda. Ɗakinta bai taɓa gani ba.

Ranar Juma'a na je gaishe ta kamar yadda na saba. Gidan tsohon bene ne, tana can sama, matattakalar tana da ƙunci da duhu ko da rana tsaka. Ɗaki biyu ne. Ɗaya na ɗanta, wanda yake aiki a wani sito a Khumra, da matarsa. Ɗayan nata ne da jikoki, shi ne falo, shi ne wurin cin abinci, shi ne wurin salla. Tana tsince shinkafa na ba ta labari, ina ta zuba, har da cewa zan nemo wurin da Baba zai buɗe taga ya ga ruwa.

Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Otal," ta ce.

"Ba otal kawai ba, Gwaggo. Wurin hutu ne a bakin bahar."

"Auta zai shigo garin da nake, ya sauka a hannun mutanen da ba su san sunan uwarsa ba." Ta ture faifan gefe. "In ya koma gida, da an ce masa ya hanya, tambaya ta biyu ita ce a ina ka sauka, wa ya sauke ka. Ya ce musu me? Ya ce yayarsa tana gari amma ya kwana a haya?"

Ni bakina ba ya jiran kaina. Na ce, "To ya sauka nan mana."

Ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo, katifun da aka jingine a bango, akwatunan da aka jera har sama, na'urar sanyaya ɗaki da take kuka a taga tana ɗigar ruwa cikin bokiti. Ni ma na bi da nawa idon, na ji kunyar maganata.

"A ina? Nuna mini," ta ce. Can ta rage murya don kada surukarta ta ji daga kicin. "Kuma ba na so ya ga nan. Mutanen gida gani suke duk wanda yake ƙasar nan a kan zinariya yake kwana. Duk saƙon da na aika, lafiya lau nake cewa, kuma ban yi ƙarya ba, lafiyar muke. Amma ya hau benen nan da gwiwarsa, ya zo ya ga inda na ƙare? La, ya binti. A'a, 'yata."

Tausayinta ya kama ni, haushi ma ya kama ni, don ta sa ni a tsaka. Ba ta yarda ya kwana a wani wuri ba, ba ta kuma yarda ya ga nata wurin ba. Na ce to yaya za a yi. Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta.

"Ranar da za ki je dubawa, ki biyo ta nan."

Na biyo. Na same ta a ƙasa tana jirana, cikin baƙar abaya da ta sha guga, da jaka a hammata kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta shiga gaban mota, ta karanta addu'ar hawa, ta ƙara da wata da ban taɓa ji ba, wadda nake zaton ta tuƙina ce.

Muka fara da wani dogon otal a kan Kornish, babban titin da ya bi gefen teku. Ni dai tun daga ƙofa na sallama. Ƙasan dutse ne mai sheƙi, har kana jin nauyin taka shi da takalmi. Sanyi mai ƙamshi ya tare mu, wani saurayi cikin farar riga ya kawo mana gahawa da dabino tun ba mu ce komai ba. Larabcina na asibiti ne, ina yake ciwo, buɗe baki, kwanta. Gwaggo kuwa da ta buɗe baki sai ga Larabcin Hijaz tsantsa yana zuba, har yaron ya gyara tsayuwa ya koma ce mata khala, wato inna. Na tsaya a bayanta ina jin daɗi, kamar ni na koya mata.

Aka hau da mu sama can, aka buɗe wani ɗaki, aka ja labule. Bangon gaba ɗaya gilashi ne. Teku ya cika shi tun daga ƙasa har inda ido ya gaji, kore a kusa, shuɗi a nesa, da wani jirgin ruwa can ƙarshe da ba ka ganin motsinsa. Gwaggo ta je ta tsaya, ta dafa gilashin da yatsu.

"Subhanallah. Ashe haka yake da faɗi," ta ce a hankali.

Yaron ya nuna mana katafaren kanti da za a iya zuwa da ƙafa, ya lissafo gidajen abinci na cikin otal ɗin da na kan titi. Na riga na fara rubuta wa yayana saƙo cewa an samu. Sai na ji Gwaggo tana tambaya ina kicin. Yaron ya yi murmushi ya ce ba a girki a ɗaki, duk abin da ake so a ɗaga waya, za a kawo. Ta tambaye shi, in baƙo ya iso wa yake tarbarsa. Ya ce ma'aikatan ƙasa, su ba shi katin buɗe ƙofa, su hawo da kayansa.

Ta juyo gare ni da Hausa. "To ni mece ce a nan? Baƙuwa ta zo gaida baƙo."

Na so in yi musu, sai na leƙa ƙasa na ga titi mai hannu da yawa tsakanin otal ɗin da ruwan, ga duwatsu a bakin gaɓar, babu rairayin da yara za su taka. Wannan tekun na kallo ne. Da haka na rarrashi kaina muka sauko, ina waiwayen gilashin.

Daga nan muka miƙa arewa. Wani wurin da muka shiga kiɗa ne yake tashi, ga Turawa kwance a rana da 'yan guntayen kaya. Na saci kallon Gwaggo ina jiran salati. Ko a jikinta. "Fatarsu ce, su gasa abarsu," in ji ta. "Amma Auta zai yini yana kallon ƙasa, wuyansa ya ƙage." Wani kuma ya yi kyau har ya gaji, sai dai yana can bayan gari inda ko shagon ruwa babu, na san Anti ba za ta yafe mini ba. A kowanne Gwaggo sai ta tambayi kicin, sai ta tambayi ƙofa. Rana ta take, yunwa ta fara cina, kuma in ina jin yunwa ba ni da daɗin zama.

"Gwaggo, wai kicin muka fito nema ko teku?"

"Ke teku kike nema. Tuƙa."

"Mutum ya ce a nemo wa iyalinsa wurin hutu, ke kina neman inda za ki tuƙa tuwo. In ya tambaye ni me zan ce masa?"

"Ki ce masa gwaggonsa ba ta mutu ba."

Na mai da idona kan hanya na ci gaba da tuƙi.

Abhur wani hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa a arewacin gari, ruwansa a kwance, an jera wuraren hutu a gefensa. Wanda muka nufa ba bene ba ne. Ƙananan gidaje ne a cikin katanga ɗaya, kowane iyali da nasu, shaleh suke ce musu. A bakin ƙofa akwai ƙarfen tare mota da ɗakin mai gadi. Wata mota ce a gabanmu cike da mata da yara. Mai gadin ya leƙa, ya yi musu tambaya, ya koma ya ɗaga waya, ya yi magana, ya saurara, sannan ya ɗage ƙarfen. Ni ban ɗauki abin a bakin komai ba, ƙorafin jira kawai nake yi. Da muka matso, Gwaggo ta sauke gilashinta.

"Wa ka kira, ya waladi, ɗana?"

"Masu shaleh ɗin, khala. Baƙinsu ne."

"Kowa haka kake yi masa?"

"Kowa. In mai shaleh bai ce a buɗe ba, ko wane ne a nan zai tsaya."

"Mai shaleh shi ne wa?"

"Wanda ya karɓi mabuɗi."

Ta ɗaga gilashin, ta gyara zaman jakarta a cinya. Na ga bakinta yana motsi.

Wurin nan ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Gidajen farare ne, gajeru, jajayen furanni sun hau bangonsu, itatuwan dabino sun yi wa hanyoyin inuwa. Ba kiɗa, sai muryoyin yara da ƙarar ruwa. Wanda aka buɗe mana yana da falon baƙi da kujerun ƙasa a jikin bango, ɗakunan kwana duk a ƙasa, gadaje da fararen zannuwa masu sanyi, bayi da ƙarfen dafawa a bango kamar an san da gwiwar Baba. Ƙofar baya tana buɗewa kai tsaye kan rairayi fari mai laushi, an kafa rumfa da kujeru, daga nan sai ruwa, garau, kana ganin ƙananan kifaye suna yawo a ƙasa. Akwai ɗan masallaci a tsakiyar wurin. Wata ma'aikaciya da take zagayawa da mu ta ce babban kanti yana nan kusa a mota, kuma a kan titin akwai gidajen kifi inda mutum zai nuna wanda yake so a kan ƙanƙara, a soya masa, a kawo da jar shinkafar da suke kira sayadiyya. Duk abin da yayana ya lissafa, ga shi a wuri ɗaya.

Ni ina ta ɗaukar hoto, Gwaggo tana kicin. Ta kunna murhu ta kashe. Ta buɗe famfo. Ta fito ta auna dokin ƙofa da ƙafarta, ta hau ta sauka, ta ce Auta zai iya. Ta tambayi alƙibla. Ta tambaya ko ana barin turaren wuta, matar ta yi dariya ta ce a ƙasar nan wa zai hana. Sannan ta fita ta ƙofar baya. Na bi ta. Ta cire takalmi ta ajiye a kan rairayi, ta tattare abaya kaɗan, ta taka har ruwa ya rufe idon sawunta. Ta daɗe a tsaye.

"Tun zuwana garin nan ban taɓa sa ƙafa a ciki ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Kullum sai an ce wata rana." Ta motsa yatsun ƙafarta, kifayen suka watse. "Ɗumi gare shi."

Duk fushin mota ya bi ruwa. Da ta fito ta zauna a kujerar rumfa tana share ƙafa da gefen mayafi, ta ce, "Halas, nan ne. Amma ni zan karɓi mabuɗi, da iƙamata, katina na zama a ƙasar nan. Kuma zan shigo kwana ɗaya kafin su iso. Ba zan sauki Auta a ɗakin da ban kwana a ciki ba."

Sai a lokacin na gane abin da take nema tun safe.

Yayana bai gane da wuri ba. Ya ce me ya kawo Gwaggo cikin maganar, me ya sa za a kama wuri tun ba su zo ba, ai za su je su gaishe ta har gida. Na ce masa, "Yaya, kai ka ce in duba Baba. To na duba. Baba ƙanen wata ne a garin nan. In kana so ya shiga Jidda kamar wanda ba shi da kowa, sai ka gaya masa da bakinka." A ƙarshe ya ce in yi yadda Gwaggo ta ce, kada dai a gaya wa Baba, sai ya gani da idonsa.

Ranar tarewa ɗan Gwaggo ya aro motar ɗaukar kaya daga wurin aikinsu. Abin da aka sauke a ƙofar wannan wuri na alfarma: tukunyar tuwo da gindinta ya yi baƙi, muciya, mara, tabarma, kaskon turare, kwanon shanta mai murfi, garin dawa, kuka, daddawa a ƙulle cikin leda kan leda. Ma'aikacin wurin ya zo da keken ɗaukar kaya mai ƙarfen zinariya-zinariya, da farar safar hannu, ya ɗauki muciyar nan da hannu biyu ya kwantar a kan tabarma kamar sandar sarauta. Ni na juya baya ina danne dariya. Shi ko gezau, ya tura kekensa Gwaggo tana biye tana ce masa ya yi a hankali da tukunya. Na yaba wa mutanen wurin nan. Har muka tashi ba wanda ya ɗaga mata gira, kuma kafin kwana biyu masu shara sun san ƙofar da ake miƙo ƙosai da safe.

Washegari na je tashar jirgin ƙasa na ɗauko su daga Madina, a babbar mota da direba. Baba ya rame, kansa a aske, idonsa ya yi haske irin na wanda ya yi kuka a wuri mai kyau. Yara suna ta tambayar teku, Anti tana tambayar kasuwar zinariya. Da muka hau babban titi sai Baba ya juyo gare ni.

"Yaushe za mu je wajen Yaya?"

"Mu sauka tukuna, Baba, ku huta."

"Mu sauka," ya maimaita. Ya juya yana kallon waje. "A garin da take."

Na san wannan muryar, ita ce wadda yake yi in ɗalibi ya ba shi kunya. Yayana ya kalle ni ta madubi, na kawar da kai.

A bakin ƙofa mai gadin nan ne. Ya gane ni sarai, da safe ma na wuce shi, amma Gwaggo ta riga ta ja masa kunne. Ya leƙo, ya ce wajen wa. Na faɗi lambar shaleh. Ya koma ya ɗaga waya, ya ce akwai baƙi a ƙofa. Ya saurara. Sai ya jawo wayar har bakin tagar da Baba yake, ya ce mai gidan tana tambaya wane ne.

Baba ya kalle ni. Daga cikin wayar murya ta fito, ta tsufa amma ba ta rage ƙarfi ba, da Hausa: "Wane ne a ƙofar?"

Baba ya jingine sandarsa. Ya matso da bakinsa.

"Auta ne, Yaya."

'Yan matan suka toshe baki, ba su taɓa jin an kira kakansu haka ba. Ba wanda ya yi dariya. Muryar ta koma Larabci, ta ce wa mai gadi ya buɗe, ƙanenta ne. Ƙarfen ya ɗaga.

Ƙofar shaleh a buɗe take, amma Baba bai shiga ba. Ya cire takalmi, ya tsaya a dokin ƙofa ya yi sallama. Ƙamshin turaren wuta da na miyar kuka suka fito suka same mu a waje. Daga ciki aka amsa, aka ce ya shigo. Tana zaune a kan tabarmarta a tsakiyar falon, ta ture kujerun alfarmar gefe. Ya nufe ta yana ƙoƙarin durƙusawa, gwiwa ta ƙi, ya dage, ta daka masa tsawa ya zauna kafin ya karye mata a gida. Ya zauna a gefen tabarmar. Ta kama kansa da hannu biyu tana duba shi, ta ce ya tsufa, wa ya ba shi izini. Sannan ta jawo kwanon shanta ta buɗe ta miƙa masa. Firji cike yake da ruwan roba iri-iri, amma wannan ta zuba tun safe ta rufe. Ya shanye tas, ya riƙe kwanon a cinya, hawaye yana bin gemunsa. Ni na shige kicin na tsaya gaban tukunya ina kuka kamar an aiko ni.

Kwanakin da suka biyo baya kowa ya sami abin da ya zo nema. Yara ba sa fita daga ruwa sai an yi da gaske. Anti ta zaga manyan kantuna har ƙafarta ta kumbura, sannan Gwaggo ta ce wannan duk kallo ne, ta ɗauke ta zuwa tsohuwar kasuwar Balad ta nuna mata yadda ake ciniki. Muka ci kifi a gidajen kan titi, yayana ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Amma abincin farko na kowace rana daga hannun Gwaggo yake fitowa, kuma duk mai shigowa, ko 'ya'yanta ne da jikoki, sai wayar falo ta yi ƙara ta ba da izini. Baba kuwa ya koyi zama. Da an idar da asuba sai ya ja kujera ƙarƙashin rumfa, ya miƙe ƙafa, ya yi ta kallon ruwa yana cewa Allah mai iko.

Ya san ba gidanta ba ne. Ba yaro ba ne, ya ga lamba a ƙofa, ya ga masu canza zannuwa. Bai tambaya ba, ita ma ba ta ce ba. Duk lokacin da aka ambaci Sa'alaba sai ta tashi ta ce bari ta duba wuta.

Ana gobe za su tafi, da hantsi, wani amininsa ya kira shi daga gida. Baba ba ya jin waya sai ya buɗe murya, don haka duk muka ji. Bayan an gama ya ibada, ya hanya, sai mutumin ya ce, to a ina ka sauka a Jiddan?

"Wajen Yaya," in ji Baba. "Ita ta sauke ni. Yanzu ma kununta ne a hannuna."

Gwaggo tana bakin ƙofar baya da tsintsiya, tana share rairayin da yara suka shigo da shi, aikin da an hana ta ta ƙi. Tsintsiyar ta tsaya. Ta jingine ta a bango, ta fito, ta ja kujera kusa da shi ta zauna har ya gama wayar. Ina daga ciki ina naɗe kayan Anti, ina jin su.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Nan ba ɗakina ba ne."

"Na sani."

"Nawa yana sama, benen ba shi da kyau, kuma ba faɗi. Ba abin da za ka gani a ciki." Ta gyara mayafi. "Gwiwar nan taka za ta iya hawa?"

"In za ki riƙe ni."

"Goya ka ma na yi, bare riƙo."

Ta ɗaga murya ta kira ni, ta ce in bar kayan nan in ɗauko mabuɗin mota, za mu Sa'alaba kafin azahar. Baba ya riga ya miƙe yana laluben takalminsa.